Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomi Da Na 'Yan Kasuwa Masu Shirin Ƙulla Ƙawancen Bunƙasa Yanki

Zuwa ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolinsu, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu, a duk yankin da ake shirin haɗa hannu domin bunƙasa tattalin arziki.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa a fili ne saboda waɗanda za su ci moriyar abin da kuke shirin ƙullawa, ko su ɗanɗana kuɗarsa idan ya lalace, suna da haƙƙin jin abin da ake gaya muku. Ina goyon bayan wannan ƙawance da zuciya ɗaya, kuma ina ganin an ma makara wajen ƙulla shi. Abin da nake tsoro shi ne ya ƙare inda irinsa da yawa suka ƙare, wato a babban ɗakin taro, a sa hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna, a ɗauki hotuna, a naɗa kwamiti, bayan shekara biyu a nemi ko da ma'aikaci ɗaya da ya samu aiki ta dalilinsa a rasa. Ƙawancen da zai yi ƙarko yana farawa ne daga ranar da kowane ɓangare ya rubuta abin da zai sadaukar, kuma a kan wannan nake son mu yi magana.

Dalilin haɗuwar a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa bin kaya daga inda aka sarrafa su zuwa inda aka sayar da su. Iyakar ƙaramar hukuma layi ne da aka shata domin sauƙin mulki da zaɓe, ciniki kuwa bai san da zamansa ba. Ma'aikaci yana kwana a ƙaramar hukuma ɗaya, ya yi sammako zuwa masana'antar da ke ta biyu, ɗansa yana koyon sana'a a ta uku, ruwan da ake sanyaya injin masana'antar da shi kuma daga madatsar da ke ta huɗu aka jawo shi. Idan gada ta karye a wuri ɗaya, albashin mutanen wurare huɗu ne zai taɓu. Ku dubi gaban motar direban da ke dakon kaya tsakanin garuruwanku, za ku tarar da tarin rasit a naɗe, kowane da launinsa da tambarinsa da sunan harajin da aka laƙaba masa, alhali kayan guda ne, hanyar ma guda ce. Duk abin da ya biya a waɗannan shingaye, da lokacin da ya ɓata injin na aiki yana jiran a buga masa hatimi, a kan kayan za a ɗora shi, kuma mai saye a wani yanki zai koma wajen wanda kayansa suka iso da rahusa. Babu ƙaramar hukumar da za ta gyara wannan ita kaɗai, domin idan ta ɗage nata shingen maƙwabciyarta ta bar nata, ta yi asarar kuɗin shiga ne kawai, direban kuma bai huta ba.

Saboda haka nake cewa, ya ku shugabannin ƙananan hukumomi, kafin ku zauna da 'yan kasuwa akwai sulhun da ya wajaba ku yi a tsakaninku, kuma shi ne mafi wuya a cikin dukkan aikin. Kowane ɗayanku ana auna shi ne da abin da ya kawo cikin iyakarsa, don haka duk lokacin da kamfani ya nuna alamar neman wurin zama, za ku shiga zawarcinsa, wannan ya yi alkawarin fili kyauta, wancan ya yafe haraji na shekara goma, kamfanin kuma ya zauna yana jiran wanda zai fi sassautawa. Birnin Kansas City da ke Amurka ya nuna inda wannan hanya take kaiwa. Iyakar jihohin Kansas da Missouri ta ratsa tsakiyar yankin birnin, kuma shekara da shekaru jihohin biyu suna ba kamfanoni rangwamen haraji domin su ƙaura daga wancan gefen iyaka zuwa wannan, wani lokaci tafiyar da ba ta wuce 'yan kilomitoci ba. An kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli a haka, ma'aikatan nan dai su ne, gidajensu ma ba su canza ba, hanyar da suke bi da safe ce kawai ta sauya, amma kowace jiha tana shelar cewa ta samar da sababbin ayyuka. Abin lura shi ne manyan 'yan kasuwan birnin da kansu suna cikin waɗanda suka roƙi gwamnonin su daina, domin sun ga kuɗin makaranta da na hanya ne ke zurarewa. Sai a watan Agustan 2019 gwamnonin biyu, Laura Kelly da Mike Parson, suka tsagaita wannan gasa, kuma ko bayan haka zawarcin ƙungiyoyin wasannin birnin da tallafin gina musu filaye ya sake tayar da ƙura a 2024, wanda ke nuna cewa alkawarin daina zawarci ba ya riƙe kansa matuƙar ribar zawarcin tana nan.

Maganin da na fi gamsuwa da shi shi ne a raba ribar tun kafin ta zo. A 1971 jihar Minnesota ta Amurka ta kafa doka ga gundumomi bakwai da ke kewaye da biranen Minneapolis da Saint Paul, wadda ta fara aiki a 1975 bayan an gama shari'a a kanta. Abin da dokar ta tanada shi ne, duk ƙaruwar da aka samu a darajar gine-ginen kasuwanci da na masana'antu da ake karɓar haraji a kansu, kashi 40 cikin 100 na wannan ƙaruwa za ta shiga tukunya ɗaya ta yankin, a sake rabawa bisa yawan jama'ar kowane gari da ƙarancin dukiyarsa. Garin da masana'anta ta sauka a cikinsa yana riƙe kaso mafi tsoka, domin shi ne zai sha hayaniyar manyan motoci da lalacewar hanya, amma garin da ma'aikatan suke kwana, wanda shi ke gina wa 'ya'yansu aji da asibiti, ba ya tashi a tutar babu. Ba na cewa ku kwafi kashi 40 ɗin, domin dokokin haraji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a wurare da dama sai majalisar da ke sama da ku ta amince. Abin da nake roƙo shi ne ku yanke wani kaso, komai ƙanƙantarsa, ku rubuta shi, ku kai shi gaban majalisunku su zartar. Ranar da shugaban ƙaramar hukuma zai iya tsayawa gaban mutanensa ya ce masana'antar ta sauka a maƙwabta amma ga rabonmu, ranar ce zai iya barin injiniyoyi su zaɓi wurin da ya fi dacewa da ita, kusa da ruwa da wuta da babbar hanya, ba tare da ya ji an ci amanarsa ba.

Abu na biyu da ke wuyanku shi ne ku fara zuba naku kuɗin kafin ku miƙa hannu ga kowa. A farkon shekarun 1990 yankin Eindhoven na ƙasar Holan ya shiga tsaka mai wuya, kamfanin Philips ya rage dubban ma'aikata, kamfanin manyan motoci na DAF kuma ya durƙushe a 1993. Magajin garin na lokacin, Rein Welschen, ya haɗa kai da shugaban jami'ar fasaha ta birnin da shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma ƙananan hukumomin yankin suka amince kowace ta zuba wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ke zaune a cikinta, aka tara a asusu ɗaya. Da wannan asusu suka je neman ƙarin tallafi daga Tarayyar Turai, kuma an saurare su domin sun zo da nasu a hannu. Daga nan ne tsarin da ake kira Brainport ya samo asali, wanda a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomi 21, kuma hukuma da 'yan kasuwa da makarantun ilimi mai zurfi suke zama teburi ɗaya a kwamitin gudanarwarsa. Kamfanin ASML, wanda ke ƙera injunan da ake buga ƙwaƙwalwar kwamfuta da su, hedikwatarsa tana Veldhoven ne, wata ƙaramar hukuma dabam da ke gefen Eindhoven, kuma hakan bai hana yankin duka ɗaukarsa a matsayin nasa ba. Hikimar biyan kuɗi bisa yawan jama'a ita ce babba da ƙarami kowa ya san abin da ya saka, don haka kowa yana da bakin tambayar inda aka kai shi. Ƙawancen da ya dogara kacokan a kan tallafin wata gwamnati ta sama ko wata ƙungiyar agaji yakan karkata ga abin da mai ba da kuɗin yake so ya gani a rahoto, kuma yakan mutu ranar da tallafin ya ƙare.

Za a zo muku da mafarkin katafaren kamfani guda daga ƙasar waje wanda zai ɗauke matasanku duka aiki, kuma ina roƙonku ku saurare shi da kunne ɗaya. A 2017 kamfanin Foxconn, mai haɗa kayan lantarki, ya yi alkawarin zuba dala biliyan 10 da samar da ayyuka 13,000 a jihar Wisconsin ta Amurka, jihar ta yi masa tanadin tallafin da ya kai kusan dala biliyan 3, ƙananan hukumomin wurin suka ci bashi suka sayi filaye suka shimfiɗa hanyoyi da bututun ruwa, aka tashi mutane daga gidajensu. A 2021 aka sake rubuta yarjejeniyar, ayyukan suka koma 1,454. Idan har za ku ba wani rangwame, ku biya shi bayan an ga ma'aikatan a bakin aiki, kuma ku rubuta cewa wanda ya kasa cika alkawari zai mayar da abin da ya karɓa. Mafi yawan ayyukan da yanki zai samu suna hannun waɗanda suke cikinsa tun tuni, mai ma'aikata 8 da zai iya kaiwa 15 idan wuta ta tsaya, da mai ma'aikata 60 da ke tunanin ƙaura saboda hanya.

Yanzu kuma gare ku, ya ku shugabannin 'yan kasuwa da masu masana'antu. Na san za ku zo teburin da jerin koke, kuma mafi yawansu gaskiya ne. Amma wanda ya zo da koke kaɗai mai neman alfarma ne, abokin ƙawance kuwa sai ya zo da abin da zai ajiye. A shekarun 1940 hayaƙin kwal ya turnuƙe birnin Pittsburgh na Amurka har ana kunna fitilun titi da rana tsaka, ga ambaliyar da ta yi masa mummunar ɓarna a 1936, kamfanoni kuma suna kasa shawo kan ƙwararru su zo su zauna a cikinsa. A 1944 manyan 'yan kasuwan birnin suka kafa ƙungiyar Allegheny Conference, kuma attajirin banki Richard King Mellon, ɗan jam'iyyar Republican, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da magajin gari David Lawrence, ɗan jam'iyyar Democrat. Dokar hana hayaƙi ta shafi aljihun masu masana'antu da kamfanonin jiragen ƙasa kai tsaye, kuma lokacin da na jiragen ƙasan suka yi turjiya, daga cikin 'yan kasuwan ne aka samu waɗanda suka matsa musu lamba har suka sauko. Wannan shi ne abin da hukuma ba za ta iya yi ita kaɗai ba, kuma ku za ku iya, wato ku tsawata wa na cikinku, ku sa mai zubar da dagwalon masana'anta a rafi ya daina, ku sa mai ɓoye cinikinsa ya biya abin da ke kansa. A Sialkot ta ƙasar Pakistan, inda ake ɗinka ƙwallon ƙafa da ƙera kayan tiyata da ake kaiwa ƙasashen duniya, masu fitar da kaya sun gaji da jiran filin jirgin sama, suka tara kuɗinsu a ƙarƙashin ƙungiyarsu, gwamnati ta ba da izini ta taimaka da batun fili, aka buɗe filin a 2007. Ba kowane yanki ne ke buƙatar filin jirgi ba, amma kowane yanki yana da wani abu guda da ya tokare kowa, wanda ya fi ƙarfin kamfani ɗaya kuma bai fi ƙarfin ɗari ba.

Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi mai yawa amma ku kaɗai kuke da shi, wato sanin irin hannun da za ku buƙata nan da shekara uku. Kun saba cewa makarantu suna yaye matasan da ba su iya komai ba, makarantun kuma suna cewa ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ake nema. A Jamus, inda dokar koyar da sana'a ta 1969 ta tsara lamarin, matashi yana raba makonsa tsakanin kamfani da makaranta, kamfanin yana biyansa alawus, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu ne kuma suke shirya jarrabawar ƙarshe, don haka takardar da ya samu kowane kamfani ya yarda da ita. Mai kamfani ɗaya yakan ji tsoron horar da yaro shekara uku maƙwabcinsa ya ɗauke shi da ƙarin albashi kaɗan, kuma wannan tsoro ba ya gushewa sai kowa yana horarwa. Ku faɗi adadin masu walda da masu gyaran wuta da masu lissafin kuɗi da za ku ɗauka, ku buɗe ƙofofinku ga masu koyo, ku bar malaman makarantun sana'a su shiga su ga injunan da ake aiki da su a yau.

Tambayar da ta fi damuna ita ce wa za a kira ɗan kasuwa idan an zo rabon kujeru. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman abincinsu ne a sana'o'in da ba su da rajista, a Afirka kuwa adadin ya haura kashi 85 cikin 100. Ƙawancen da ya tara masu manyan kamfanoni goma ya ce ya wakilci kasuwanci, ya bar mafi yawan kasuwancin a waje. Macen da ke da keken ɗinki uku da 'yan koyo biyar ba za ta rufe shago ranar aiki ta je otal taron ƙarfe goma ba, domin ranar da ba ta buɗe ba babu mai biyan ta, kuma ko ta je, takardun da za a raba an rubuta su da harshen lauyoyi. Idan kuna son jin ta bakinta, ku kai taron inda take a lokacin da za ta iya zuwa, ku ba ƙungiyoyin masu ƙananan sana'o'i da na direbobi da na manoma da na ma'aikata kujerun da ke da ƙuri'a, su zaɓi wakilansu da kansu. Yankin Emilia-Romagna na ƙasar Italiya ya yi arziki da ƙananan kamfanoni ne, masu tayil a Sassuolo, masu saƙa a Carpi, masu injunan naɗe kaya a kewayen Bologna. A shekarun 1970 da 1980 hukumomin yankin da ƙungiyoyin masu sana'a suka kafa cibiyoyin hidima na tarayya, inda ƙaramin mai saƙa zai samu labarin irin kayan yayi da kasuwa za ta nema a kaka mai zuwa, ko a gwada masa ingancin kayansa, abin da babban kamfani ne kaɗai zai iya yi wa kansa. Ƙungiyoyin suna riƙe wa membobinsu littafin lissafi da na albashi, suna kuma tsaya musu a banki ta hanyar asusun lamuni na haɗin gwiwa. Irin wannan hidima ba ta da ginin da za a yanke ƙyalle a gabansa, shi ya sa 'yan siyasa ba su cika sonta ba, amma ita ce ke mayar da mai ma'aikata uku ya zama mai goma.

Pittsburgh ɗin da na yaba ɗazu tana da wani darasin mai ɗaci, kuma rashin adalci ne a ambaci na farkon a bar na biyun. A tsakiyar shekarun 1950, da sunan sabunta birni, aka rushe unguwar Lower Hill, wadda mafi yawan mazaunanta baƙaƙen fata ne, aka tashi mutane kimanin 8,000 da wuraren sana'a kusan 400, aka gina babban zauren wasanni da aka buɗe a 1961. Waɗanda suka yanke shawarar suna ganin alheri suke yi wa birnin, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da gidansa ke cikin layin rusau. Duk lokacin da hukuma mai ikon karɓar fili ta haɗu da masu kuɗin gina shi, wanda ke zaune a kan filin yana cikin haɗari, kuma idan ba a yi hattara ba sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku rubuta tun yanzu cewa ba za a taɓa gona ko gida ko rumfar kowa ba sai an zauna da shi, an biya shi diyyar da za ta saya masa kwatankwacin abin da ya rasa, kuma kuɗin ya shiga hannunsa kafin motar rusau ta iso.

Wannan ya kawo ni ga batun amana. Mutumin da ke zaune a kwamitin da zai yanke inda sabuwar hanya za ta bi ya san filin da zai yi daraja kafin kowa ya sani, kuma wanda ke cikin masu tsara kwangila yana iya zama mai neman ta gobe. Ba zargin kowa nake yi ba, yanayin kujerar ne ya zo da haka, kuma mutumin kirki ma yana buƙatar ƙa'idar da za ta kare sunansa. A Ingila, inda aka ba 'yan kasuwa jagorancin ƙawancen yankuna daga 2011, ofishin binciken kuɗin gwamnati ya yi ƙorafi a 2016 kan yadda jama'a ba sa iya ganin yadda ake yanke shawara da kashe kuɗi, har sai da aka gudanar da bita a 2017 aka tsaurara dokokin bayyana maslaha. Ku fara daga inda suka ƙare. Kowane memba ya rubuta kamfanoninsa da filayensa a rajistar da kowa zai iya dubawa, ya fita daga ɗaki idan ana tattauna abin da ya shafe shi, a wallafa bayanan kowane zama, a kawo mai binciken kuɗi daga waje duk shekara. Kuma kada ku yarda a gaggauta ku. A watan Disambar 2008 majalisar birnin Chicago na Amurka ta amince, cikin 'yan kwanaki, da jinginar da mitocin karɓar kuɗin ajiye motoci a titunan birnin ga wani kamfani na tsawon shekara 75 a kan kimanin dala biliyan 1.15. Babban mai binciken birnin ya bayyana a 2009 cewa an yi asarar kusan dala biliyan 1 a cinikin, an kashe mafi yawan kuɗin cikin 'yan shekaru, kuma har yau idan birnin ya rufe titi domin gyara ko biki sai ya biya kamfanin diyyar cinikin da ya rasa. Kansilan da aka ba shi takarda mai shafi ɗari yau aka ce ya ɗaga hannu jibi yana da haƙƙin ya ƙi, kuma yarjejeniyar da za ta ɗaure jikokin masu zaɓe ta cancanci a karanta ta a bainar jama'a.

Sai batun zaɓe, wanda shi ne ke kashe mafi yawan irin wannan shiri. Wa'adin shugaban ƙaramar hukuma 'yan shekaru ne, masana'anta kuwa ana gina ta ne da lissafin shekara ashirin. A yankin ABC da ke gefen birnin São Paulo na ƙasar Birazil, cibiyar ƙera motoci ta ƙasar, ƙananan hukumomi bakwai sun kafa haɗakarsu a 1990 ƙarƙashin jagorancin Celso Daniel, magajin garin Santo André, amma da aka yi zaɓe sababbin shugabanni suka hau a 1993, aikin ya yi sanyi na tsawon wa'adi guda. Ƙungiyoyin jama'a da na ƙwadago da 'yan kasuwa ne suka riƙe maganar a raye, har aka kafa majalisar yankin a 1997 da hukumar bunƙasa tattalin arzikinsa a 1998, wadda aka tsara ta yadda ɓangaren da ba na gwamnati ba ne ke da rinjaye kaɗan. A Ingila kuwa gwamnatin tsakiya ta kafa hukumomin raya yankuna daga 1999 ta rushe su a 2012, ta kawo ƙawancen 'yan kasuwa kusan 40 a madadinsu, sannan ta janye musu kuɗi a watan Afrilun 2024, kuma duk sauyi sai an rasa ƙwararrun ma'aikata da ilimin da suka tara. Yankin Manchester ne ya fi jure wannan guguwa, domin ƙananan hukumominsa goma sun ci gaba da zama tare bisa raɗin kansu tun 1986, suna da hannun jari tare a filin jirgin saman yankin, suka shimfiɗa layin jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara aiki a 1992, har doka ta tabbatar da haɗakarsu a 2011. Abin da aka gina daga ƙasa, kuma aka haɗa dukiya a cikinsa, yana da wuyar rushewa da sanarwa ɗaya. Saboda haka ku kafa ƙawancenku da dokar da kowace majalisa ta zartar, ku sa 'yan adawa a ciki tun suna adawa domin gobe su ne a kan kujera, ku ɗauki ƙaramin ofishi na ƙwararru bisa cancanta waɗanda aikinsu ba zai ƙare da wa'adin kowa ba, kuma ku jeranta wa'adin membobi yadda ba za su sauka rana ɗaya ba.

Game da aikin farko, ina ba ku shawara ku zaɓi ƙarami wanda za a gani cikin shekara guda. Ku haɗe harajin da ake karɓa a hanyoyinku ya zama ɗaya, a biya sau ɗaya, rasit ɗin ya yi aiki a dukkan yankin, ku raba kuɗin a tsakaninku bisa ƙa'idar da kuka rubuta. Ku sa lasisin sana'a da izinin gini su kasance da sharuɗɗa iri ɗaya da wa'adin kwanakin da za a ba da amsa, a manna su a ƙofar kowane ofis. Kafin ku fara, ku ƙirga abin da ke ƙasa, wato kwana nawa lasisi ke ɗauka a yau, shinge nawa ne tsakanin wannan gari da wancan, masu koyon sana'a nawa ne ke cikin kamfanoni, domin a dawo bayan shekara a sake ƙirgawa a gaban jama'a. Adadin tarurrukan da aka yi da yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu kada su shiga wannan lissafi, haka ma ayyukan da kamfani ya yi alkawari bai riga ya ɗauka ba, da waɗanda suka ƙaura daga wata ƙaramar hukumar yankin zuwa wata.

Roƙona na ƙarshe shi ne, kafin ku tsayar da ranar ƙaddamarwa, ku wallafa daftarin yarjejeniyar cikin harsunan da mutanen yankin suke ji, a karanta shi a rediyo, a ajiye kwafinsa a kowace sakatariya da ofishin kowace ƙungiyar masu sana'a, a ba jama'a aƙalla wata guda su kawo gyara, sannan ku bayyana gyaran da kuka karɓa da wanda kuka ƙi tare da dalilinku.

Allah ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar al'amuran ƙananan hukumomi da kasuwanci.